Yadda Yaƙi da Bazuwar Bindigogi Ya Iso Yankin Gidan Rumji

Matakan da Nijar ta fara ɗauka don hana bazuwar ƙananan makamai, wato bindigogin da mutum ɗaya ke iya saɓawa ya yi aiki da su, an tsara su ne saboda tawayen arewacin ƙasar, ba don manoman Sae Sabuwa ko makiyayan Aguié da Gazawa na Jihar Maraɗi ba. A shekarar 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa doka ba, sannan bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995 aka ƙona bindigogin tsofaffin 'yan tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, kuma ta ayyana dakatar da shigo da irin waɗannan makamai a Abuja a 1998, ta mayar da matakin yarjejeniya mai ƙarfin doka a 2006.

Jihar Maraɗi tana da nata tsohon ciwo, domin kisan da aka yi wa Fulani fiye da 100 a Toda a 1991 ya nuna irin ɓarnar da rikicin gona da burtali kan jawo, abin da hukumomin sasanta filaye na dokar karkara ta 1993 suka zo magancewa. Sai dai bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai suka kwararo kudu, satar shanu a jihar Zamfara ta Najeriya ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, har a 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa ƙauyukan Gidan Rumji, 'yan bindiga kuma suka biyo sawunsu a kan babura.

A watan Satumban 2019 gwamnonin jihohin uku, Aminu Masari da Aminu Tambuwal da Bello Matawalle, suka gana da gwamnan Maraɗi Zakari Umaru a birnin Maraɗi, suka amince da haɗa kai kan tsaron iyaka. Wannan ganawa ita ce ta fi kusantar tushen matsalar, tunda ɓarawon da ya kora shanu daga wannan ɓangare yakan sayar da su a wancan, kuma ba hukumar da za ta kama shi ita kaɗai. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta fitar da ita daga inuwar yarjejeniyar 2006 da take ciki tare da Najeriya, ta bar nauyin a wuyan jami'an tsaro da sarakunan gargajiya na bakin iyaka.