Zanen takarda da hanyar ƙasa: daga Gnutella zuwa iyakar 1898

A tsarin da Faransanci ke kira pair-à-pair, wanda muka fassara da « tsara-da-tsara », kowace kwamfuta tana zaɓen maƙwabtanta ba tare da ta san inda waya ta bi ba. Ta haka na'urar da ke Mirriya za ta iya ƙulla maƙwabtaka da wata a Faransa, ta bar ta birnin Damagaram, alhali tsakaninsu bai wuce kilomita 20 ba. A binciken da suka wallafa a 2002, Ripeanu da Foster da Iamnitchi sun auna tsarin Gnutella, suka tarar kashi 2 zuwa 5 cikin 100 kaɗai na haɗin ke tsakanin na'urori masu gidan intanet ɗaya. Maganin da aka kawo shi ne a auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya komo, a saki na nesa, a kama na kusa.

A ganinmu ƙasar Damagaram ta san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana iyaka a kan taswira: baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, a takarda sun haɗa kogin Isa da tafkin Cadi. A ƙasa kuwa, ayarinsu sai ya zagaya ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, domin hanyar ruwa da hatsi ta faɗa hannun Ingila. Masu zanen, a Paris suke, ba su ƙidaya rijiya ba.

Gyaran ya zo da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, waɗanda suka ja iyaka kudu, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka koma ɓangaren Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa gari-gari, ta kafa alamu 148.

Sai dai a lura, hanyar sojan Faransa aka gyara, watau ta gabas da yamma. Hanyar fataken Mirriya da Damagaram kudu ta nufa, zuwa Kano, kimanin kilomita 240, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911. Yamai kuwa, wadda aka mayar babban birni a 1926, tana nesa da wajen kilomita 900.