Ƙarshen shekarar harajin albashi: abin da mai ma'aikata zai shirya kafin Janairu ta fita

Jama'ar Harobanda da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa mazauna ƙetare da ke leƙa wannan shafi, a nan Nijar shekarar haraji tana farawa ne ranar 1 ga Janairu, ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Duk wanda ke biyan wani albashi, da shekara ta rufe akwai lissafin da hukuma ke jira daga wurinsa. Mun tattara muku abin da ya kamata a sani a wuri guda, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Jigon maganar guda ne. Abin da kuka biya ma'aikaci a hannu, da abin da kuka shaida wa ofishin lampo, da abin da kuka shaida wa CNSS, dole su zo daidai da juna. Watan Disamba shi ne lokacin da za a zauna a gwada ukun nan, a gyara inda suka saɓa, tun kafin a miƙa takardar shekara.

Wa maganar ta shafa?

Mutane da yawa sun ɗauka wannan batu na manyan kamfanoni ne da ke tsallaken gadar Kennedy. Ba haka ba ne. Mai makarantar kuɗi a Karaje, mai gidan burodi a Lamorde, mai ɗakin shan magani a Gaweye, mai injin casar shinkafa a Kirkisoye, mai gareji a bakin hanyar Torodi, muddin akwai wanda ke yi masa aiki a ƙarƙashin umarninsa yana karɓar albashi, to a idon doka shi mai ma'aikata ne. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma suna ciki. Haka nan mai gida da ya ɗauki direba, ko mai gadi, ko mai aikin gida, akwai nauyin yi musu rajista a CNSS a kansa.

Ba sai an rubuta kwantaragi a takarda ba. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce. Kuma kasancewar ma'aikacin ɗan ƙanenku ne ko ɗan garinku ne, bai cire shi daga lissafi ba in dai albashi yake karɓa.

Lambobi biyu ne mabuɗin komai: lambar NIF da hukumar haraji ta ƙasa, DGI, ke bayarwa, da lambar mai ma'aikata da CNSS ke bayarwa. Kowane ma'aikaci kuma yana da tasa lambar ta CNSS, wadda ke bin sa duk inda ya koma aiki.

Kuɗi iri biyu da ke bin albashi

Na farko shi ne harajin albashi, wanda ake kira ITS a taƙaice. Ma'aikaci ne ke biyan sa, amma ba shi ke kai shi da kansa ba. Mai ma'aikata ne ke cire shi daga albashi kowane wata, ya kai ofishin lampo zuwa ranar 15 ga watan da ke biye. Wato na Disamba ana kai shi ne zuwa 15 ga Janairu.

Harajin nan hawa-hawa ne. A tsarin da kundin haraji na 2012 ya shimfiɗa, jika 25 na farko ana cire musu kashi 1 cikin 100, jika 25 na biyu kashi 2, daga jika 50 zuwa jika 100 kashi 6, haka yake ta hawa har ya kai kashi 35 ga abin da ya haura miliyan guda a wata. Ana kuma yi wa mai iyali rangwame, daga kashi 5 ga mai nauyin mutum guda har zuwa kashi 30 ga mai nauyin mutum 7. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa waɗannan alƙaluma, shi ya sa kafin a biya albashin Janairu ake karɓo jadawalin sabuwar shekara daga ofishin lampo.

Na biyu shi ne kuɗin CNSS, asusun kula da ma'aikata da aka kafa a 1965. Shi kam karo-karo ne. Ma'aikaci yana ba da kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa domin fansho. Mai ma'aikata yana ɗora kashi 16.40 daga aljihunsa: 8.40 na tallafin iyali, 1.75 na haɗari da cututtukan wurin aiki, 6.25 na fansho. Ana lissafin ne a kan albashi har zuwa jika 500 a wata, abin da ya haura nan ba a cire masa. Mai ma'aikata 20 ko fiye yana biya wata-wata, wanda bai kai 20 ba yana biya bayan kowane wata uku. Akwai kuma ɗan kaso na hukumar samar da aikin yi, ANPE, da ke kan mai ma'aikata.

Bari mu buga misali

A ɗauka malamin makaranta yana karɓar jika 100 a wata. Za a cire masa sefa 5,250 na CNSS, mai makaranta ya ɗora sefa 16,400. Jimla sefa 21,650 ke nan a wata, 64,950 a wata uku, 259,800 a shekara, a kan mutum guda. Kun ga ashe mai biyan jika 100, a zahiri abin da ke fita daga asusunsa ya haura jika 116.

Ta ɓangaren ITS kuma, ba a kan albashin gaba ɗaya ake lissafi ba, sai an fara cire abubuwan da doka ta yarda a cire, kamar kason fansho na ma'aikaci. A ɗauka abin da ya rage jika 85 ne. A wancan tsari na 2012, jika 25 na farko sefa 250, na biyu sefa 500, ragowar jika 35 sefa 2,100. An tashi da 2,850. In malamin yana da nauyin mutum 2, a rage masa kashi 10, ya koma 2,565 a wata.

Kuɗin nan da aka cire daga albashin mutum ba na mai ma'aikata ba ne. Amana ce a hannunsa. Wanda ya cire ya zuba a jari, ya ce sai kasuwa ta buɗe zai kai, ya ci haƙƙin ma'aikaci kuma ya ɗauko wa kansa tara.

Aikin watan Disamba

Na ɗaya, a fito da jerin duk wanda ya karɓi albashi tun daga Janairu, har da wanda ya bar aiki a tsakiyar shekara, da wanda aka ɗauka na ƴan watanni, da leburorin da aka riƙa biya. A rubuta ranar da kowa ya fara da ranar da ya bari.

Na biyu, a gwada sunaye. Sunan da ke kan takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa shi ne zai hau takardar albashi da ta CNSS. Mun san yadda sunayenmu ke rikiɗa a rubutun boko na Faransanci: yau Mahamadou, gobe Mamadou, jibi Mahaman. Harafi guda yana iya raba watannin mutum gida biyu, sai ranar neman fansho a gane.

Na uku, a sabunta bayanin iyali. Wanda ya yi aure ko aka yi masa haihuwa cikin shekarar, ya kawo takardar aure ko ta haihuwa. Ba da baki ake samun rangwamen iyali ba, sai da takarda. Wanda aka yi wa haihuwa a ƙauye bai yanki takarda ba, yanzu ne lokacin da zai nufi ofishin magajin gari ko kotu.

Na huɗu, a tattara duk abin da aka ba ma'aikaci banda tsagwaron albashi: kuɗin ƙarin awoyi, ladan ƙwazo, kyautar ƙarshen shekara, kuɗin hutu, da alfarma irin ta gidan zama ko mota da aka ba shi domin amfanin kansa. Akasarin waɗannan haraji yana hawa kansu. A nan ne aka fi samun saɓani, domin sau da yawa ana miƙa su hannu da hannu ba a rubuta ba.

Na biyar, a duba mafi ƙarancin albashi. Daga 2012 sefa 30,047 ne, amma tun daga Janairun 2024 ya koma jika 42 a wata. Wanda har yanzu ke lissafi da tsohon adadi ga ma'aikacin cikakken lokaci, ya saɓa doka.

Na shida, a lissafa hutu. Dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumban 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu da albashi a kan kowane wata da ya yi aiki, wato kwana 30 a shekara. A rubuta wa kowa abin da ya ci da abin da ya rage masa, ya sa hannu. Wanda ya bar aiki kuma a tabbata an ba shi takardar shaidar aiki da ragowar haƙƙinsa.

Na bakwai, a jera rasit. Rasit 12 na ITS, da na CNSS 12 ko 4, gwargwadon yawan ma'aikata. A tara alƙaluman takardun albashi na shekara, a gwada da jimlar rasit. In sun zo ɗaya, alhamdu lillahi. In ba su zo ɗaya ba, a bi wata-wata har a gano inda aka rabu.

Takardar watan Janairu

Bayan biyan wata-wata, akwai takardar bayanin albashin shekara da mai ma'aikata ke kai wa ofishin lampon da yake da rajista, zuwa ranar 31 ga Janairu. A ciki ake jera kowane ma'aikaci da sunansa, da aikinsa, da nauyin iyalinsa, da jimlar abin da ya karɓa, da jimlar harajin da aka cire masa. Da ita ne jami'an haraji ke gwada abin da kuka riƙa kawowa cikin shekara. DGI tana da hanyar shigar da bayani ta intanet, sai kowa ya tambayi ofishinsa ko a takarda zai kawo nasa ko ta kwamfuta.

Kada a ajiye wannan lissafi da zarar Janairu ta wuce. Jimlar albashin nan ita ce za ta sake fitowa a cikin lissafin kamfani na shekara da ake miƙawa zuwa 30 ga Afrilu, kuma a kanta ake lissafin harajin koyon sana'a ga kamfanonin da ya shafa. In adadin Janairu daban, na Afrilu daban, to kun gayyato bincike da kanku.

Idan akwai bashi ko kuskure

Jinkiri yana jawo tara da ƙarin kuɗi, a ofishin lampo da CNSS duka, kuma ƙarin yana hawa ne da tsawon lokaci. Wanda ya gano an tsallake wata, ko an cire ƙasa da abin da ya kamata, gara ya kai kansa da takardunsa ya nemi gyara, da a zo a tarar da shi. Mai bashi ba ya samun takardar shaidar biyan haraji, wadda ake kira ARF, kuma in babu ita ba a shiga neman kwangilar gwamnati.

Asarar ma'aikaci ta fi wannan zafi. Watan da ba a zuba masa ba, ba ya shiga lissafin fanshonsa ranar da ya kai shekara 60. Tallafin yara yana iya tsayawa. Mace mai juna biyu, da doka ta ba hutun haihuwa na mako 14, tana iya shan wuya wajen karɓar haƙƙinta. In kuma injin ya cinye hannun yaron da ba a yi wa rajista ba, magana ta koma gaban sufeton ƙwadago da kotu, nauyin kuma ya dawo kan mai wurin.

Ajiyar takardu

Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10. Mu mutanen wannan gaɓa ta kogi mun san abin da ruwa ke yi. Ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da unguwannin kusa, ba ta bar katifa ba balle takarda. A sa rasit da littafin albashi cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗora a sama. A kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa wani amintacce da ke wata unguwa.

Ga ƴan uwa mazauna ƙetare

Da yawa daga cikinku kuna Kumasi, Abijan, Kwatano, Legas ko Faransa, kun buɗe makaranta ko shago a gida kun bar wa ƙane ko ɗa yana kula. In NIF da sunanku take, to bashin ma da sunanku yake. Kada ku tsaya ga "komai lafiya lau" a waya. Ku nemi a turo muku hoton abu uku: rasit na ITS na watan ƙarshe, rasit na CNSS na zangon ƙarshe, da takardar shekara mai hatimin ofishin lampo. In kuna aiko da kuɗin albashi, ku riƙa haɗawa da kason mai ma'aikata, kada ku bar mai kula da wurin yana tonon rami yana cike wani. Mazauna Najeriya sun san irin wannan, domin can ma mai ma'aikata yana miƙa bayanin harajin albashi na shekara ga hukumar harajin jiharsa zuwa 31 ga Janairu.

Ku kuma ma'aikata, ku riƙa karɓar takardar albashinku kowane wata kuna ajiyewa, kuma sau ɗaya a shekara ku je CNSS da lambarku ku tambayi watannin da aka zuba muku. Iyaye da ke ƙauye, in ɗanku yana aikin albashi a Yamai, ku tambaye shi ko yana da lambar CNSS. Wanda bai iya lissafin da kansa ba, ya nemi akanta tun farkon Disamba, domin ƙarshen Janairu layi yana tsawo a ofisoshin nan. Allah ya sa mu ga sabuwar shekara lafiya, ya ba kowa ikon sauke nauyin da ke kansa.