Tabon Wuta a Kan Itace: Daga Akushin Kurfai Zuwa Teburin Kafinta

Farin tabon da butar shayi ke bari a kan tebur, da daskararren kakin kyandir na daren da aka ɗauke wuta, damuwa ce sabuwa a ƙasar Kurfai, domin shi kansa teburin baƙo ne. Kafin Faransawa su kafa sansani a Filinge a farkon ƙarni na 20, zamanin Mayaƙi Gado Namalaya, kayan itacen gidan Bakurfaye su ne turmi da taɓarya, akushi, kujerar tsuguno da allon almajiri. Masassaƙi kan sassaƙa su daga gungume guda, danya ko ƙirya don turmi, aduwa don allo. Tebur ya shigo ne ta ofishin kwamanda da makarantar boko, ya zo da kafinta, ƙusa, da man sheƙin da ake shafa wa katako.

A wannan man sheƙin matsalar take. Masassaƙin dā da wuta yake gama aikinsa. Yakan babbake akushi har ya yi baƙi ƙirin, sannan a murza masa mai ya sha. Maƙeran Buzaye, irin na Imanan da ke kudu da Filinge, suna ɗora jan ƙarfe a jikin cokali da ƙafar gado, hayaƙi na tashi, zane na fitowa layi bayan layi. Itacen da ya riga ya sha wuta da mai ba ya tsoron tuwo mai tururi. Shi kuwa man kafinta fata ce siririya da ke kwance a bisa katako. In ƙasan buta mai zafi ya zauna a kanta, tururi ya kutsa ya maƙale, sai wurin ya yi fari kamar an zuba nono. Shi ya sa maganin ma zafi ne: a shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga, a bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan kaɗan, ana ɗagawa ana dubawa, har laimar ta fita. Kaki kuma a bari ya sandare, a kankare shi da abin da ba ya karce katako, ragowar a ɗora takarda a goge ta tsotse. In tabon baƙi ne, to wuta ko laima ta kai ga katakon, sai gogewa da takardar yashi da sabon shafe.

Wani zai ce wannan yabon jiya ne kawai, baƙin akushi ɓoye tabo yake yi, bai hana shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma akushi in ya bushe mace ce ke mayar masa da mai a tsakar gida, ba ta neman kowa, alhali tebur in fatarsa ta ɓaci sai an koma wurin kafinta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na itatuwa. Farin 1973 da na 1984 sun ci dazuzzukan kwarin Dallol Boso da kewaye, kuma turmi ɗaya gungume sukutum yake ci, yayin da zarto ke fitar da alluna da yawa daga irinsa. A wannan gaɓar kafinta ya fi masassaƙi tattali, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma sare danya don akushi. Sai dai gaskiyar kafinta a kan yankan katako ba ta tilasta karɓar shafensa ba. Teburin da aka shayar da mai maimakon a lulluɓe shi da sheƙi ba ya kama wannan farin tabon, ko da yake ba ya ɗaukar ido a kasuwar Lahadi ta Filinge, kuma mai saye da ido yake fara ciniki.