Tarihin Ilimin Kewayawar Wata da Taurari a Ƙasar Hausa

Ilimin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari, ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin makarantar boko ta zo da darasin fiziks. Buƙata ce ta raine shi. Liman yana son lokacin salla da alƙibla, manomi yana son sanin lokacin shuka, fatake kuma da taurari suke gane hanya cikin dare. Shi ya sa Bahaushe ya raɗa musu sunaye irin su Gamzaki, da Zara matar wata, da Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya.

Malaman zaure sun ɗora a kan wannan da lissafin manzilolin taurari 28 da suka samu daga littattafan Larabci. Kowane manzili kwana 13 yake yi, in ban da guda ɗaya mai 14, jimla 365. Da wannan lissafi ake bin sawun bazara da damina da kaka da ɗari, tunda shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, ba ta zama daram a kan damina. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafi da taurari. Bayan jihadi, Sakkwato da Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, sun zama matattarar malamai, kuma jikan Shehu Usmanu, wato Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, yana cikin waɗanda suka nutsa a irin waɗannan fannoni. Bai kamata a raina aikinsu ba, domin sun san lokutan fitar taurari da faɗuwarsu sani na ƙwarai. Abin da ya rage shi ne dalilin tafiyar.

Bayanin dalilin daga Turai ya fito. A 1609 Kepler ya nuna cewa hanyar duniyar Marriku a kewayen rana ba da'ira ce cikakkiya ba, ta ɗan miƙe. A 1638 Galileo ya bayyana yadda abin da aka jefa yake lanƙwasa kafin ya faɗi. Sai Newton ya haɗa biyun a 1687. Duk wanda ya ga yaro yana korar tsuntsaye da majajjawa a gonakin Maruda ko Kalgo a Jihar Kebbi ya ga tushen maganar: gwargwadon ƙarfin jifa, gwargwadon nisan da dutsen zai yi kafin ƙasa ta jawo shi. Da zai samu isasshen gudu, babu iska kuma da za ta tare shi, da sai ya yi ta faɗuwa doron duniya yana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba zai taɓa sauka ba. Halin da wata yake ciki ke nan, a nisan kilomita kusan 384,000, yana gudun kimanin kilomita 1 a daƙiƙa.

Daga nan abubuwa da yawa suka warware. Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, shi ya sa sanarwar ganin wata ta Sarkin Musulmi take faɗawa bayan kwana 29 ko 30. Hanyar wata kuma ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, don haka ba kowane wata ake husufi ba. Da wannan lissafi aka faɗi husufin rana na 29 ga Maris, 2006 shekaru kafin ya auku, wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi.

Nijeriya ta shiga aikin sararin samaniya da kanta a Satumban 2003, lokacin da aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha. A Jihar Kebbi, ana koyar da waɗannan ƙa'idoji a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, wadda aka kafa a 2013.