Tsakanin Tara da Haraji: Shari'ar Dokar Inshorar Lafiya ta Amurka, 2010–2021

A ranar 23 ga Maris, 2010, Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a kan dokar inshorar lafiya ta Amurka. Babu ɗan jam'iyyar Rifablikan ko ɗaya da ya goyi bayanta a ƙuri'ar ƙarshe ta Majalisa. Tun a ranar jihohin da ke adawa suka garzaya kotu, Fulorida na kan gaba, har yawansu ya kai 26.

Jigon ƙarar shi ne sashen da ya wajabta wa mutane sayen inshora, wanda ya ƙi kuwa ya biya wani kuɗi. Dokar ta kira kuɗin nan tara, domin 'yan Dimokurat na gudun a ce sun aza wa talaka haraji. Sai ga shi ranar 28 ga Yuni, 2012, Kotun Ƙoli ta tsirar da dokar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, bisa hujjar cewa tarar nan haraji ce, aza haraji kuwa hurumin Majalisa ne. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda George W. Bush ya naɗa, shi ya raba gardama. Sai dai hukuncin ya bar wa jihohi zaɓi game da faɗaɗa shirin Medicaid, har wa yau wasu ba su karɓa ba, marasa galihunsu suka tashi a tutar babu.

A 2017 'yan Rifablikan suka mayar da kuɗin sifiri, sannan Texas ta jagoranci sabuwar ƙara cewa harajin da ba a biyan komai ba haraji ba ne. A 2021 kotun ta kori ƙarar, 7 da 2, domin masu ita sun kasa nuna cutarwar da aka yi musu.