Gidajen Samudawa Ko Kaburburan Nabatawa?

Kusan dukanmu mun taɓa ganin hoton nan a WhatsApp: ƙaton dutse an sassaƙa masa ƙofa, a ƙasa an rubuta “gidan mutanen Annabi Salihu”. Wurin kam ba a ƙirƙira shi ba. Al-Hijr, wanda sura ta 15 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa, shi ne Mada'in Salih na yau, kimanin kilomita 20 arewa da garin Al-Ula a Saudiyya. Ta nan Manzon Allah (SAW) ya bi a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai amfani da ruwan rijiyoyinsa.

Sai dai duwatsun suna ɗauke da rubutu. Bature Charles Doughty ya isa wurin a 1876 ya kwafo shi, da masana suka karanta sai ga sunayen mamata da shekarun sarautar sarakunan Nabatawa, mutanen Petra, mafi yawa daga ƙarni na farko Miladiyya. Ashe kaburbura ne. UNESCO, da ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008, ta lissafa 111. Su kuwa Samudawa, tun wajen 715 kafin Miladiyya Sarki Sargon II na Assuriya ya ambace su.

Mu da ke aiki da taswirar kwamfuta mun saba da wannan tarko: alama ɗaya kan wuri, alhali al'ummomi da yawa sun zauna a can bi da bi. Kafin mu tura hoton gaba, mu tambayi kanmu ko ginin na zamanin wa ne.