Ƙwayar da aka ba mu kyauta a firamare: wa ya biya kuɗinta?

1/ Kwanaki na je gida Balan, na tarar an hana ɗan yayana, ɗan shekara 9, zuwa makaranta ranar rabon maganin tsargiya. Na tambayi babarsa dalili, ta ce: "Bature ba ya kyauta a banza." Ban yi mata dariya ba, don maganarta tana da tarihi. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ni ma an taɓa ba ni wannan ƙwaya ina firamare. Aka jingina wata sanda mai zane-zane a bango, aka jera mu, tsayinka shi ne yawan ƙwayarka. Fara ce, ƙatuwa, ga ɗaci. Waɗanda suka zo ba su karya ba suka yi ta jiri da amai. Kafin azahar labari ya zaga gari wai an ba yara guba.

3/ Lokacin duk damina a kududdufi muke wuni. Yaro in ya fara fitsarin jini har murna yake, wai ya zama namiji. Alhali tsutsa ce ke fitowa daga jikin katantanwa, ta shiga ta fata, ta zuba ƙwai a mafitsara. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Mata ma ba ta ƙyale su ba.

4/ Sunan ƙwayar praziquantel. A kemis da kuɗinka za ka saya, a makaranta ko sisi ba a karɓa. To wa ke biya? Amsar ta faro ne daga wani magani dabam, na wata cuta dabam, a ƙasar Japan. Ku biyo ni, za mu dawo Balan.

5/ A shekarun 1970 wani masani, Satoshi Omura, na Cibiyar Kitasato, yana ɗibar ƙasa wuri-wuri yana neman ƙwayoyin halitta masu amfani. Ya dace da wata a kusa da filin wasan golf. Aka aika wa kamfanin Merck na Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fitar da ivermectin.

6/ A 1981 ya shiga kasuwa a matsayin maganin tsutsar dabbobi, kuma ya kawo wa kamfanin kuɗi sosai. Wato shanu da dawakin masu hali suka fara amfana kafin mutane. Sai Campbell ya kawo shawarar a gwada shi kan tsutsar da ke jawo makantar rafi.

7/ Makantar rafi: wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu ne ke yaɗa ta. Ƙaiƙayi mai hana barci, fata ta lalace, a ƙarshe ido ya tafi. A Afirka ta Yamma akwai ƙauyukan da aka tashi aka bar gonakin fadama saboda ita. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita.

8/ Wanda ya jagoranci gwajin farko a kan mutane, a Dakar ta Senegal a 1981, likitan Merck ne haifaffen Bangladesh, Dakta Mohammed Aziz. Maganin ya yi aiki: sha ɗaya a shekara yana kashe 'ya'yan tsutsar. Matsala ɗaya ce ta rage. Masu cutar ba su da kuɗin saye.

9/ Kamfanin ya nemi gwamnatoci da hukumomin agaji su saya su raba, bai samu mai ɗauka ba. Ran 21 ga Oktoba 1987 shugabansa, Roy Vagelos, ya sanar cewa za su bayar da shi kyauta da sunan Mectizan, iya adadin da ake buƙata, iya tsawon lokacin da ake buƙata. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015.

10/ Amma kai magani tashar jirgin ruwa ta Legas ba shi ne kai shi bakin mara lafiya ba. Uwar tsutsar tana rayuwa har wajen shekara 15 a jiki, don haka sai an sha duk shekara ba fashi. Wane likita ne zai bi ƙauyuka dubbai shekara 15?

11/ A 1995 aka kafa shirin APOC, ya zo da dabarar da ta riƙe aikin: kowane gari ya zaɓi mutanensa su raba. Ba sai da sikeli ba, sandar awo ta isa. Sandar da na gani a makarantarmu irin wannan dabarar ce. Masu rabon nan yawanci ba albashi gare su ba, ga rana, wani gidan har da zagi.

12/ Da aka ga abin ya yiwu, wasu suka biyo baya.
1998: SmithKline Beecham, GSK ta yanzu, da albendazole don tundurmi da gwaiwa.
1998: Pfizer da Zithromax don amosanin ido.
2000: Novartis da maganin kuturta, ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.
2007: Merck ta Jamus da praziquantel don tsargiya.

13/ Ku lura, Merck biyu ne. Asalinsu ɗaya, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba su. Ta Jamus ɗin ce mai kyautar maganin tsargiya, kuma a taron Landan na 30 ga Janairu 2012 ta ɗaga alƙawarinta zuwa ƙwaya miliyan 250 a shekara. Amsar "wa ke biya" ke nan.

14/ Akwai ma na cikin asibiti. Daga 2003 an riƙa bai wa masu wani nau'in kansar jini maganin Glivec na Novartis kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, maganin da talaka ba zai taɓa iya saye ba. Sai dai mutumin Gaya ko Ajingi, kuɗin motar zuwa Ife kaɗai wani ciwon ne.

15/ To me ya sa matar yayana ke tsoro? 1996. Sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe dubban mutane. Ana cikin haka Pfizer ta zo Asibitin Zana a Kano ta gwada sabon maganinta, Trovan, kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa.

16/ Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Jaridar Washington Post ta tono zancen a 2000. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. Sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

17/ Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, sai a 2004 aka dawo da shi bayan an kawo na Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yara ne suka biya wannan bashin, da ƙafafunsu.

18/ Ku duba shekarun da kyau: kamfanin da ya yi gwajin Kano a 1996 shi ne ya fara kyautar maganin ido a 1998. Duka biyun gaskiya ne. Shi ya sa ba na cewa kamfanonin nan waliyyai ne. Suna samun suna, suna samun rangwamen haraji a ƙasashensu, kuma dama masu cutar ba kasuwa ba ne a wajensu.

19/ Amma ga bambancin da na yi wa Yaya bayani. Trovan sabo ne, ana neman sanin yadda zai yi. Praziquantel tun shekarun 1970 aka samar da shi, miliyoyin mutane sun sha a Masar, Sin, Burazil da nan gida. Ba gwaji ake a kan ɗanki ba. Jirin nan da amai sun fi yawa in an sha shi da yunwa.

20/ Kuma an ga sakamako. Jihohin Filato da Nasarawa sun kai matsayin daina rabon Mectizan don makantar rafi a 2018. Ran 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar maƙwabciyarmu Nijar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

21/ Raunin tsarin shi ne kyauta ba a hannunka take ba. Daga 2024 zuwa farkon 2025 maganin kuturta ya yi kusan shekara bai shigo Najeriya ba saboda tsaikon takardu da gwaji, marasa lafiya na jira cutar na cin su. Ga tsargiya kuma, muddin yaro zai koma kududdufi, ƙwaya ba ta hana a sake kamuwa. Sai da rijiya da masai.

22/ Abin da nake roƙonmu mu masu waya a hannu: in an zo rabo, tambayi sunan maganin da cutar da yake yi wa aiki, haƙƙinka ne. Yaro ya ci ya ƙoshi kafin ya sha na tsargiya. Mai ciki da mai jinya mai tsanani su faɗa wa mai rabo kafin su karɓi Mectizan. Wanda ya ce ka biya kuɗin na rabo, kai maganar wajen mai unguwa.

23/ Mai farin tabo a fata da ba ya jin taɓi, kar ya ɓoye, ya je asibiti a duba. Maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko wata 12, kuma ana warkewa. Yawancin nakasar da muke gani ta jinkirin zuwa ce.

24/ Yaya dai ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi in an sake zuwa za ta bi shi makarantar ta ga kwalin da idonta, na ce hakan ma ya yi. Yaron kuwa da na keɓe shi ya ce min tun bayan damina fitsarinsa ke ja. Mun kai shi an duba, tsargiya ce. Maganin da ya wuce shi kyauta, da kuɗi muka saya.

25/ Ku tura wa na gida, musamman iyaye mata. A garinku yaushe rabon da a zo rabo, kuma me mutane suka ce? Ina karanta amsoshinku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.